Kabarin Inna a Filin Kamfanin Kuza

'Yan'uwana cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Kristi, wanda ya riƙe hannun nan nawa ranar da ya tashi yin ɓarna. Ku ce Amin!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Yohanna, kafinta ne ni. Bencinan da kuke zaune a kai yawancinsu ni na buga, in ƙusa ta ja wa wani riga ya same ni bayan sujada. Fasto ya ce in taƙaita, ya kuma ce kada in kama sunan kowa. Na biyun na yi masa alkawari. Na farkon kuwa sai yadda hali ya yi.

Ni mutum ne mai zafin zuciya da taurin kai, matata Rifkatu tana nan, ba za ta ƙaryata ni ba. An yi mini baftisma tun ina saurayi, amma fushina bai shiga ruwan ba, a bakin rafi ya tsaya yana jirana. Kuma ina da wani girman kai irin namu na masu bi, wai tunda ina zuwa sujada, ba wanda zai koya mini zaman duniya.

Shekara biyu kafin Sarauniyar Ingila ta zo Jos na ɗauko uwata daga ƙauyenmu a ƙasar Pankshin. Ta tsufa, ido ya tafi, ba mai ɗebo mata ruwa. Muna haya a cikin gari, ɗaki ɗaya da rumfa, ni da Rifkatu da yara uku. Inna ba ta taɓa kukan matsi ba. Abu guda ne ya hana ta sakewa. Wata rana aka wuce da gawa ta ƙofar gidanmu za a kai makabartar gari, ta tambaya aka gaya mata. Ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Yohanna, a wurinmu mutum a gidansa ake ajiye shi. In na mutu kada ka jefa ni cikin baƙi. Ka ji ko?"

Na ce na ji, Inna. Na yi mata alkawari. Daga ranar nan na shiga neman fili kamar mai neman magani.

Akwai wani dattijo a ikilisiyar da nake zuwa a lokacin, zan kira shi Baba Mai Gona. Mutum ne mai furfura, mai sanyin murya, in ya yi addu'a mata har kuka suke yi. Shi ya ji ina cigiya ya kira ni gefe. Ya ce yana da gona wajen Naraguta, gadon ubansa, ƙarfinsa ya ƙare ba ya iya noma ta duka, gara ɗan'uwa mai bi ya samu da a ce bare ya samu. Muka je muka gani. Wuri shimfiɗaɗɗe, jar ƙasa, ga shingen ƙyarana ta gabas, ga rafi a gangare. Na tsaya ina kallo har na ga inda ɗakin Inna zai zauna.

A kusurwar filin na ga wani guntun turken siminti da lambobi a kansa. Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Af, wannan? Tun lokacin yaƙi Turawa suka kafa, wai za su fid da hanya, suka fasa. Ka samu wurin ɗaure akuya."

Muka yi dariya. Ku ji fa, dariya na yi!

Ina da wani aboki tela a cikin gari, Malam Sale, Musulmi ne, ni na buga masa teburin yanka. Da na ba shi labari bai taya ni murna ba. Ya ajiye almakashi ya ce, "Kafinta, ka je ofishin safiyo ka duba taswira?"

Na ce taswirar me?

Ya ce, "Ƙasar Naraguta rabinta kamfanonin kuza sun riƙe da takarda tun ba a haife ka ba. Sai ka ga mutum yana noma abinsa, alhali ƙarƙashin ƙafarsa na wani ne. Ka je wurin dagaci, ka je ofishin hukumar En'e, ka je ka ga taswira. Matambayi ba ya ɓata."

Na ce, "Malam Sale, mutumin nan dattijon ikilisiya ne. Shi ke miƙa mini Jibin Ubangiji. In je in bincike shi kamar ɓarawon akuya?"

Ya ce, "Ni ko limaminmu ne zai sayar mini, sai na duba. Ba shi nake tuhuma ba, ƙasar nake tambaya."

Na fita ina cewa a raina, me wannan ya sani game da zumuntar masu bi? Allah ya gafarta mini.

Muka yi ciniki irin wanda muka iya. Shaidu biyu daga ikilisiya, ƙwaryar kunu, muka zaga iyaka da ƙafa, Baba Mai Gona ya yi addu'a mai tsawo har ƙafata ta yi tsami. Aka yago takarda daga littafin makarantar ɗana aka rubuta, ya dangwala yatsa, na dangwala. Na ba shi abin da na tara na shekara shida a bakin zarto. Ko dagaci ban gaisar ba, kunya ta hana ni, kada Baba ya ji ya ce ban yarda da shi ba.

Na gina ɗaki uku na laka, na rufa da kwano. Ranar da muka tare Inna ta bi bango da hannu tun daga ƙofa har ƙurya, ta durƙusa ta damƙi ƙasa ta shinshina, ta ce, "To, yanzu na zo gida."

Wata tara ta yi a gidan. Da damina ta kwanta, kwana huɗu ta cika. Muka binne ta bayan ɗakinta, kusa da ƙyarana. Kun san wanda ya yi addu'a a bakin kabarin? Baba Mai Gona! Ya ɗaga hannu sama ya ce ta huta a nan har ranar tashin matattu. Da bakinsa ya faɗa, ina tsaye kusa da shi ina cewa Amin.

Na yi kuka, amma zuciyata fara tas, don na cika alkawari.

Shekara ta zagayo, wata rana da hantsi ina feƙe azara a tsakar gida sai na ga mutane da sarƙar awo da sanduna masu ja da fari suna ratsa gonar gyaɗata. Wani ya ɗaga ƙafa ya tsallake kabarin Inna kamar kunyar dankali. Na daka masa tsawa. Hedimansu ya zo ya ce, "Maigida, wa ya ce ka yi gini a nan? Filin kamfani ne. Wata biyu injin haƙa zai iso, daga rafin can har bayan shingen nan duk rami zai zama."

Na ce uwata tana kwance a nan!

Ya cire hula ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Amma ni aiko ni aka yi."

Sai a sannan na tafi ofishin da Malam Sale ya ce in je. Da 'yar takardata a aljihu, ina huci, ina shirin in ga Bature in wanke shi. Ban ga Bature ba. Wani akawu Bayarabe na samu, mutumin kirki, ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya ya ce, "Oga kafinta, wannan takarda naka ba shi da aiki. Zo ka gani da ido naka."

Ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ta tsufa har ta yi ja. Ya sa yatsa ya nuna mini rafi, ya nuna mini jan layi ya zagaye wurin, ya nuna mini lambar da ke kan turken da nake ɗaure akuya. Ita ce, ba ƙari ba ragi. Ya ce kamfani ya karɓi izinin haƙar kuza a wurin tun kafin yaƙi, ba su dai kai ga haƙa ba, shi ya sa aka bar masu gona suna noma. Ya ce ban da haka ma, a dokar ƙasar nan ba a sayar da fili a bakin gona da ƙwaryar kunu, sai hukuma ta sani ta yarda.

Na ce, "To, dattijon da ya sayar mini bai sani ba ke nan."

Akawun nan ya dube ni, ya ja wani babban littafi ya buɗe. Sunayen masu gonakin da kamfani ya biya diyya ne. Ya sa yatsa a kan wani layi. Sunan Baba Mai Gona, da dangwalen yatsansa. Yatsan nan dai da ya dangwala mini!

Ya ce, "Da ka zo kafin ka biya, minti biyar zan nuna maka. Ko kobo ba ka biya."

'Yan'uwa, ya sani! Ranar da muke zaga iyaka ya sani. Ranar da nake ɗora kwano yana zuwa yana cewa sannu da aiki, ya sani. Ranar da muka sa tsohuwar nan a ƙasa ya ce ta huta har ranar tashin matattu, ya san injin kamfani ne zai tashe ta! Da arne ne ya yi mini, da na ce bai san Allah ba. Mutumin da ke riƙe da ƙoƙon Jibi!

Na roƙi akawu ya kai ni wurin manajan kamfani. Ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Kwana uku ina zaman benci kafin a shigar da ni. Baturen ko kujera bai nuna mini ba. Ya ce ta bakin tafinta, gini bayan izini aka yi shi, kabari bayan izini aka haƙa shi, kamfani ba ya bin kowa, kowa ba ya bin kamfani. Na ce a bar mini taku goma kawai, inda take kwance. Ya ce kuza ba ta san taku goma ba. Ƙasar kakannin mutane, wani ya zo daga hayin teku ya ja mata jan layi, kuma ni ne mai laifi!

Ranar Lahadi na je sujada. Ga Baba Mai Gona a gaba cikin farar riga yana ba da waƙa. Ban iya zama ba, na tashi na fita ana tsakiyar baiti.

Litinin da safe na ɗauki gizagona, wanda nake sassaƙa da shi, na zauna na wasa shi a kan dutse har yana aske gashin hannu. Ba zan ɓoye muku ba, ba itace zan sassaƙa ba. Na san Baba yana zuwa ɗaya gonarsa shi kaɗai da sassafe. Rifkatu ta ga idona ta ce, "Baban Ladi, ina za ka?" Na ce mata ta shiga ɗaki.

Na biya ta bayan ɗaki in yi wa Inna sallama, don na san in na tafi ba zan dawo ba, igiya ce ƙarshena. Na durƙusa a kan kabarin da gizago a hannu. Na buɗe baki in rantse mata zan rama, sai na ji da Allah nake faɗa. Ba addu'ar ladabi na yi ba. Ihu na yi. Na ce, "Ubangiji, kana ina? Kana kallo aka cuce ni da sunanka! Kana kallo na sa uwata a ramin kuza! Me ya hana ka yi magana? Ko kalma ɗaya!"

Na yi shiru don numfashi ya ƙare mini. Cikin shirun nan wata tambaya ta sauko mini a zuciya, a hankali, ba tsawa: wa ya aiko Malam Sale?

Wayyo! 'Yan'uwa! Ashe ya yi magana. Ya yi magana da rana tsaka, da Hausa mai kyau, ta bakin tela, na raina bakin don ba irin nawa ba ne. Ya kafa mini turken siminti a gaban idona, na ɗaure akuya. Baba Mai Gona ya yi ƙarya, wannan nasa ne, zai amsa. Amma ni na ƙi tambaya, na kira girman kaina bangaskiya. Yanzu kuma ina shirin in bar 'ya'ya uku marayu, in bar Inna a gaban inji ba mai ɗauke ta.

Na kifa fuskata a ƙasa na ce, "Yesu, ka karɓi hannun nan, ni ba zan iya riƙe shi ba." Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da ta mutu. Ban san Rifkatu tana bayana ba sai da na ji ta zare gizagon daga hannuna. Ta kai shi gidan maƙwabta, sati biyu ban sake ganinsa ba.

Halleluya! Ya cece ni daga jini!

Kada ku zaci jan layin nan ya matsa. Bai matsa ba ko taku ɗaya. Na yi addu'a ya matsa, Allah bai ga dama ba. Abin da aka ba ni shi ne izinin hukuma in tone uwata, da ƙarin sati guda in kwashe kwanona.

Na kai maganar Baba Mai Gona gaban dattawa, da baki, ba da ƙarfe ba. Da fari wasu suka so a rufe, wai kada sunan ikilisiya ya ɓaci a gari. Na ce sunan ikilisiya ya riga ya ɓaci a littafin akawu, ku je ku karanta! Aka kira shi. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce ya zaci kamfani ya manta da wurin, shekaru sun yi yawa. Aka sa shi horo, aka sauke shi daga dattijo, ya koma bencin baya.

Saura wurin da za a kai ta. Ba ni da wani fili, ba ni da halin kai ta Pankshin. Fasto na wancan lokaci ya ce a kawo ta makabartar masu bi, bayan majami'a. Na ce na gode, amma in ga takardar filin tukuna. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Yohanna, filin Ubangiji kake tuhuma?" Na ce, "Fasto, ba Ubangiji nake tuhuma ba. Ɗauko takarda." Ya ɗauko. Ban tsaya nan ba, na tafi da lambar wurin akawun nan, ya shimfiɗa taswira muka bi layi-layi. Ba jan layi, ba izinin kowa a kai, ba hanyar da za a fitar. Na biya wurin dagaci na gaishe shi, shi ma ya tabbatar. Sannan na ce a haƙa.

Na cire ƙofar ɗakin Inna, ta maɗaci ce, na tsaga na buga ɗan akwati.

Ranar Asabar da safe mazan ikilisiya suka zo da fartanya da shebur. Malam Sale ma ya zo, ya tsaya daga nesa bakin shinge, bai ce mini ai na gaya maka ba. Aka haƙa har aka kai ga tabarmar da muka naɗe ta. Daga nan kowa ya ja da baya. Kun san mu, ko mun yi baftisma sau goma, buɗaɗɗen kabari ba abin wasa ba ne. Na ajiye riga zan sauka, sai na ji murya a bayana.

"Yohanna, bari in shiga. Ni na sa ta a nan."

Baba Mai Gona ne. Ba wanda ya gayyace shi. Ya rame, ba farar riga, ƙafa ba takalmi. Jinina ya tafasa, na dubi hannuna, ba komai a ciki, na gode wa Allah. Na matsa masa. Tsohon nan ya sauka ramin da ƙyar, ya riƙa tattara ta a hankali yana miƙo mini, ina karɓa ina jerawa a cikin akwati a kan sabon zane. Hawaye yana zuba a gemunsa. Da ya gama ya ɗago kai daga cikin ramin ya ce, "Ɗana, ka yafe mini."

Mutane suna jira. Daga baya na ce na yafe, na miƙa masa hannu na jawo shi waje. Da gaske na yafe, amma ba da ƙarfina ba.

Ya sunkuya zai kama akwatin ta gefe ɗaya. Na ce a'a, Baba, wannan kam nawa ne. Na naɗa gammo na ɗora ta a kaina. Matar da ta goye ni ta hau dutse da ni, ba ta kai nauyin kwandon acca ba. Tun daga Naraguta har bayan majami'a ban sauke ba, ban ba kowa ba. Ina tafiya ina ce mata, Inna, ki yi haƙuri, na yi alkawari na kasa, ba baƙi ba ne, 'yan'uwa ne, ki yi haƙuri.

Inda gidana yake yanzu tafki ne, ruwa kore, shanu ma ba sa sha. Muna haya har yau, kuma ina tara wani abu a hankali. Amma ga ni tsaye a gabanku, ba a gidan yari ba, hannuna ba jini, 'ya'yana suna da uba. Wannan aikin Yesu ne, ba na Yohanna ba. Na gode masa, na gode masa, na kuma gode masa!

Ku kuma, na ji wasunku suna cigiyar fili wajen Laranto da Naraguta. Don Allah ku saurare ni. Ko ni ne zan sayar muku, ko fasto, ko ɗan'uwanku uwa ɗaya uba ɗaya, ku je wurin dagaci, ku je En'e, ku sa a shimfiɗa muku taswira ku gani da idonku. In kun ga turken siminti, ku kwafi lambar ku tambaya. In mai sayarwa ya ji haushi, ku bar shi ya ji. In ba ku san ƙofar ofishin ba, ku zo shagona, zan ajiye zarto in raka ku.

Sau biyu na binne uwata. Kada wani a cikinku ya binne tasa sau biyu.

Ku dogara ga Yesu da dukan zuciyarku, ku kuma buɗe kunne ga duk wanda ya aiko muku. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.